Motar da Ta Ƙona Ƙafar Inna

Inna ba ta shiga mota da takalmi. Tun ranar da na kawo motar gida, wata tsohuwar 'yar Kwatano mai ruwan toka, ta lalubo ƙofar gidan gaba, ta tuɓe silifas ɗinta ta riƙe a hannu, sannan ta shiga da bismilla. Na ce, "Haba Inna, mota ce fa, ba masallaci ba." Ta ce ɗakin ɗanta ne, ita kuwa ba ta taɓa taka ɗakin mutum da takalmi ba, kuma ba da tsufanta za ta fara ba. Na yi magana har na gaji na bari. Wanda ya san mahaifiyata ya san gardama da ita ɓata yawu ne.

Lokacin yanar ido ta riga ta rufe mata idanu duka biyu. Tana gane rana da duhu, tana gane inuwar mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, iyakar abin ke nan. Motar ma da hannu ta san ta. Ta shafa ta daga gaba har baya, ta ƙwanƙwasa bonet, ta sa mata albarka. Ni kuwa malamin firamare da ya shekara da shekaru a kan babur, kaina ya yi girma har hula ta kusa ƙin zama. Duk tafiyar da na yi, ko gaisuwar mutuwa ce ko suna a wani ƙauye, ba na shiga gida sai na biya rafin bayan gari, inda direbobin tasha ke wanke motocinsu. Haka kowa ke yi. Ka sauko daga hanya ka zura motar cikin ruwa har ya taɓa cikinta, ka ji tana cuuu, tururi na tashi, ka ce ta sha iska.

Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, ita ta shigo da labarin. Ta dawo daga coci ko gyale ba ta cire ba ta faɗo gidanmu, ta ce wasu likitocin ido sun sauka a wani asibiti a Kaduna suna cire yana, kuma da ƙarshen wata za su tattara su tafi. Ta riga ta yi wa Inna magana da wata abokiyar aikinta a can. Abin da ya rage kawai mu kai ta. Ranar na kasa cin tuwo don murna. Matata ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, Inna ta ce ta rufe mana baki kada ta tara mana jama'a, amma ita ma na ga tana murmushi tana gyara ɗaurin kallabi.

Wanda bai zauna Birnin Gwari a shekarun nan ba zai ce to mene ne, ba sai a shiga mota a tafi ba. A lokacin ba a bin hanyar Kaduna kai kaɗai. Da safe motoci ke taruwa a bakin gari, a jira masu rakiya, mota ɗaya ta jami'an tsaro a gaba ɗaya a baya, sannan a ɗunguma a ratsa dajin a guje. Ba a tsayawa fitsari, ba a tsayawa sayen rake. Motar da ba ta iya gudu ba ta da wuri a ayarin, domin babu wanda zai tsaya jiranka a tsakiyar daji. Na ce wa Inna ko mu bi motar haya, tunda direbobin sun fi ni sanin hanya. Ta girgiza kai.

"In abu ya faru mutane suka watse cikin daji, wa zai ja hannun makauniya? Ni a motarka zan tafi, kusa da kai."

Ban sake tayar da maganar ba.

To a daidai wannan lokacin ne motar ta fara yi mini iskanci. A cikin gari lafiya lau, ta tashi da bugu ɗaya, ta kai ni makaranta ta dawo da ni. Amma da na hau titi na ba ta wuta, sai ta yi nauyi. In taka totur har ƙasa, injin ya yi gurnani, maleji ya ɗan ɗaga ya tsaya cak. A kan hawa kuwa abin kunya ne, har mai babur ɗauke da buhunan masara ya taɓa wuce ni yana ɗaga mini hannu. Wani abin haushin, ba kullum take yi ba. Yau ta yi, gobe ta ci hanya kamar ba ita ba.

Makanikina mutumin Gbagyi ne, dattijo a cocinsu, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Injiniya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Garejinsa gindin wani mangwaro ne kusa da kasuwa. Da na kai masa ya zagaya gari da ita ya dawo ya ce, "Malam, motarka ƙalau take, kai ne ba ka iya taka ta ba." Na ce ya bar wasa, idon Inna ne a cikin maganar. Nan take fuskarsa ta canza, ya ɗauko sifana.

Muka fara da mai, domin a garinmu duk laifin mota a kan mai ake fara ɗora shi. Gidajen mai sun fi zama a rufe, a galan muke saye wurin 'yan bumburutu, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Muka juye tanki muka wanke. Ba ta canza ba. Ya sauya fulogi, ya sauya filtar mai da ta iska, ya wanke nozul. Direbobin tasha da ke zaman gindin mangwaron kowa da fatawarsa. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya rantse kulochi ne ya cinye, wani ma ya matso kusa da kunnena ya ce in nemi rubutu in yayyafa mata, sabuwar mota ba ta rasa idon mutane. Fitilar injin da ke gaban direba tana kunne, amma wannan ba ta gaya mana komai ba, don babu motar da tata ba ta kunne a tashar nan, na'urar da ke karanta ta kuma sai Kaduna. Muka sa sabon famfon mai, ta yi kwana biyu tana tafiya garau, na yi ta yi wa Injiniya kirari.

Ana cikin haka Inna ta fito da nata ciwon. Mun dawo daga wata gaisuwa a ƙauye ta ce tafin ƙafarta na yi mata zafi kamar ta taka garwashi. Da ma maƙwabciyarmu ta riga ta gargaɗe mu cewa in akwai ciwon suga likitocin ba za su taɓa idon ba sai ya sauka, kuma zafin ƙafa yana cikin alamunsa. Aka kai ta asibiti aka auna, aka ce jininta lafiya. Ban yarda ba, na sa aka sake. Matata ta hana ta shayi da suga, ta hana ta zuma, ta koma dafa mata tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa ba mai. Inna ta yi ta mita tana cewa za mu kashe ta da yunwa kafin ta ga duniya. Sai na zama mai jinya biyu, da safe gareji, da yamma kemis.

Ranar tafiya ta zo. Muka shiga layi tun da sassafe, Inna a gidan gaba da silifas a cinya, matata a baya da kwandon abinci. Aka ɗaga hannu, ayari ya tashi. Farkon tafiyar har waƙa nake yi a zuci. Muna fita gari, gonaki suka ƙare, itatuwa suka fara haɗe kai, muka iso wani dogon hawa, sai na ji abin nan da na sani. Ta yi nauyi. Na sauke giya, na taka, ta yi gurnani ta ƙi. Motar bayana ta yi ham ta wuce. Ta bayanta ma ta wuce. Ina kallo manyan motoci masu kaya suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, gumi ya jiƙa mini riga. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar. Inna ta ɗaga ƙafafunta ta naɗe su a kan kujera, ta ce, "Ƙafar nan ta taso." Na ce, "Inna, don Allah ki bar ni da abu ɗaya."

Motar rakiya ta baya ta tsaya daidai tagata. Wani jami'i ya leƙo ya dubi Inna, ya dube ni, ya ce akwai shingensu a gaba kaɗan, in lallaɓa in kai can in juya, domin ba za su bar ayari saboda ni ba, ba kuma za su bar ni in bi su a haka ba. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Muka jira a shingen har ayarin da ke zuwa daga Kaduna ya iso, muka bi wutsiyarsa muka koma gida. A gangara kuwa munafukar sai gudu take kamar ba ita ba. Haka muka iso gida. Da za ta sauka ta ce, "Allah bai yi ba yau." Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na zauna a bakin gado raina kamar ya fita don baƙin ciki.

Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida ina tunanin inda zan sake taɓawa a jikin motar, matata tana ƙunsa wa Inna lalle a tafin ƙafa don ya sanyaya mata. Ta ɗaga ƙafar tana dubawa, ta ce, "Malam, zo ka gani." Fatar ta yi ja, har da 'yar bororo a gefen dunduniya. Ta ce, "Wannan ai ba ciwo ba ne daga ciki, ƙuna ce. Kuma ka lura, Inna ba ta kukan ƙafa sai ranar da kuka yi doguwar tafiya." Na ce ai kowa na zama a kujerar nan, ita ma tana zama, abokan aikina suna zama, ba wanda ya taɓa cewa komai. Ta dube ni ta dubi silifas ɗin Inna da ke gefen tabarma.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kowa na zama a wurin, amma da takalmi. Mutum ɗaya ne a duk garin nan ke ɗora tafin ƙafarsa tsirara a ƙasan motata. Na fita da gudu ko hula ban ɗauka ba, Inna na tambaya ko gobara ake yi.

Na ja motar zuwa gareji, na iske Injiniya a ƙarƙashin wata mota, na jawo shi ta ƙafa. Na ce ya tuƙa, ni zan zauna a gidan gaba. Na tuɓe takalmina na ajiye a cinya kamar yadda Inna ke yi, 'yan gindin mangwaro suna ta dariya suna cewa Malam ya fara taɓuwa. Muka hau titi, ya ba ta wuta, muka yi ta kai da komo tsakanin bakin gari da shingen farko. Da fari ɗumi na ji. Can sai zafi. Da ta fara nauyin nan nata kuwa sai da na ɗage ƙafafuna na yi salati. Injiniya ya taka birki, ya zagayo ya ɗora tafin hannunsa a wurin, ya janye da sauri. Sai ya fashe da dariya, ya dafa kansa da hannu biyu.

"Malam, mu muna can gaba muna neman abin da ba ya shiga, ashe abin da ba ya fita ne."

Ya ce in zauna in taka totur, shi ya koma baya ya tara hannu a bakin salansa. Ya kira ni na tara nawa, shi ya taka. Iskar da ke fitowa ba ta fi hucin mai barci ba. Da muka koma gareji motar ta huce, ya sa jak ya ɗaga ta, ya ja ni muka kwanta a ƙasa. Ya nuna mini wani kumburi a jikin bututun hayaƙi, kamar tulu ɗan ƙarami, daidai ƙarƙashin inda Inna ke ajiye ƙafa. Ya ce sunansa katalis, aikinsa tace hayaƙi kafin ya fita. Ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi don zafi. Farantin da ya kamata ya raba shi da ƙasan motar babu shi, wani rami ko dutse ya daɗe da cire shi. Ya dunƙule hannu ya bubbuga tulun, muka ji ƙaras-ƙaras a ciki kamar tsakuwa a gwangwani.

Ya ce injin in ya shaƙi iska dole ya fitar, in hanyar fita ta toshe ko mai na zinariya ka zuba masa ba zai ja ba. Na ce to a buɗe mana, me muke jira. Ya ce a'a, ya gaji da canza abin da bai lalace ba, sai ya tabbatar. Zai kwance bututun daga gaban tulun ya bar hayaƙi ya fita ta nan, mu hau titi. In ta yi gudu, mun kama ɓarawon. Sai dai ƙarar da za ta yi ba ta wasa ba ce.

A garinmu a shekarun nan ba a yin ƙara babu sanarwa. Taya in ta fashe a kasuwa sai ka ga mata sun bar tallarsu sun yi ta kansu. Saboda haka kafin ya taɓa noti ɗaya sai da muka bi layin muna faɗa. Ni na shiga wurin mahauta da masu shayi, na gaya wa ladanin masallacin kasuwa. Shi ya je wurin 'yan sa-kai da ke zaune a mahaɗa, ya leƙa cocinsu inda mata ke koyon waƙa. Duk inda muka je sai an tambaya, "Motar Malam ce da za ta kai tsohuwa asibiti?" Ashe labarin juyowarmu ya gama gari. Kafin mu dawo gindin mangwaron ya cika da 'yan kallo.

Da ya murza makulli sai da na toshe kunne. Tsuntsayen da ke kan mangwaron suka watse, wani mai awaki da sanarwar ba ta kai gare shi ba ya saki igiya ya faɗa kwata, aka bi shi ana ba shi haƙuri ana dariya. Muka fita titi muna tatata kamar injin niƙa ya haukace. Injiniya ya ce in karɓi sitiyari, motata ce. Na taka. Wallahi sai da bayana ya manne da kujera. Maleji ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci gaba da hawa, hawan nan na bakin gari da ta saba yi mini rarrafe a kai muka haye shi ban ko sauke giya ba. Ina ihu, Injiniya na dukan ƙofa ta waje yana ihu, babu mai jin wani. Dattijon coci da malamin makaranta, mu biyu mun koma yara. 'Yan sa-kai suka ɗaga mana sanduna da muka wuce.

Da aka yanka tulun da abin walda sai ga cikinsa. Wani abu ne fari-fari mai ƙananan ramuka, sak saƙar zuma, amma ya farfashe. Wani gefen ya narke ya dunƙule. Wani babban gutsure kuma ya zagaye don gogayya, yana yawo a ciki. Injiniya ya ɗauke shi ya nuna mini yadda yake yi. A cikin gari yana kwance abinsa, hayaƙi na wucewa ta gefe. In aka ba ta wuta ko aka hau tudu sai hayaƙin ya tura shi baya ya zauna daram a bakin mafita. Shi ya sa take yi yau gobe ta ƙi yi, shi ya sa duk abin da muka canza sai ta yi kamar ta warke.

Na tambaye shi me ya fasa shi. Ya ce gurɓataccen mai yana narka shi, wannan gaskiya ne, amma fashewa irin wannan, ya dube ni, "Malam, kana wanke ta a rafi?" Na ce kamar kowa. Ya ce to ka ɗauki tukunyar ƙasa daga kan wuta ka tsoma a ruwan sanyi ka gani. Gardama ta ɓarke tsakanin direbobin da ke tsaye. Wani ya ce shi tun yana kwandasta yake shiga rafin nan bai taɓa ganin haka ba. Injiniya ya ce masa ya leƙa ƙarƙashin motarsa ya gani, ai tun kafin ta iso hannunsa masu sayen katalis suka cire nata suka sa bututu. Mutumin ya durƙusa ya leƙa, ya taso yana sosa ƙeya.

Babu inda za a sami wani katalis ɗin a garin. Injiniya ya zazzage abin da ya rage, ya mayar da tulun ya yi walda, ya yanko langa-langa ya yi faranti ya ɗaure tsakaninsa da ƙasan motar. Ya ce wannan na kai Mama asibiti ne kawai, hayaƙinta zai yi ɗaci kuma ba haka aka ƙera ta ba, in na isa Kaduna in nemi wani a sa. Na ɗauki gutsuren nan na jefa a aljihu. Da na koma gida na tarar lallen Inna ya kama jawur. Na ce mata ƙafarta ce ta gano ciwon motar. Ta ce, "To a dawo mini da zumata."

Saura kaɗan wata ya ƙare muka sake shiga layi. Wannan karon da muka iso dogon hawan nan na yi bismilla. Na taka, ta amsa. Na ga motar gabana tana matsowa maimakon ta yi nisa, har sai da na ɗan ɗaga ƙafa. Matata ta fara kabbara a baya. Muka wuce shingen da muka juya, jami'in nan ko wani mai kama da shi ya ɗaga hannu. Na ce, "Inna, ƙafa fa?" Ta shafa ƙasan motar da tafin ƙafarta ta ce, "Sanyi ƙalau. Kai dai dubi gabanka." Dajin Kamuku yana ta wucewa ta gefenmu, ban taɓa jin daɗin gudu irin na ranar ba.

Aka yi aikin ido ɗaya, bayan ya kwanta aka yi ɗayan, muna cikin na ƙarshe-ƙarshe da likitocin suka taɓa. Tana kwance da bandeji na je kasuwar kayan mota aka sa mini wani katalis ɗin. Ranar da aka buɗe mata ido ta daɗe tana kallon matata, ta kalle ni, ta kalli hannuwanta da jan lallen ƙafarta, tana ta hawaye wata ma'aikaciyar jinya na hana ta. Da muka fito wurin ajiye motoci na nuna mata motar ina jiran yabo. Ta zagaya ta cikin baƙin tabaran da aka ba ta, ta ce, "Ashe tsohuwa ce." Sannan ta tuɓe silifas ta shiga. Na miƙa mata gutsuren nan, ta kai shi kusa da fuska, ta ce tana ganin ramukan ɗaya-ɗaya.

A hanyar dawowa ne ta ba ni wahala. Ta manne da taga, komai sai ta tambaya. Waccan ɗorawa ce ko kaɗanya, wancan kangon garin su wane ne, yaushe ciyawa ta cinye wannan kasuwar. Ta ce, "Rage gudu mana, ban gama gani ba." Na ce, "Inna, ba a ragewa a nan." Ta sake roƙo da muka zo wata mararraba da ta ce ta nan suke ratsewa zuwa wajen danginta a Kutemeshi tun tana budurwa. Motar rakiya tana bayanmu, ban iya ko ɗaga ƙafa ba. Ta juya wuya tana kallon wurin har ya ɓace, sannan ta gyara zama. Abin ya tsaya mini a rai.

Muna shiga gari ayari ya watse, kowa ya kama gabansa. Ni ban nufi gida ba. Na sa giya ta ɗaya na ɗauke ƙafa daga totur, na bar motar tana tafiya da kanta. Muka bi ta kasuwa, ta gaban masallaci, ta layin mahauta, ta makarantar da nake koyarwa wadda ba ta taɓa ganin sabon gininta ba. Tana nuna mutane da yatsa tana gane su, wannan ya tsufa, wancan ɗan wance ne ga kunnuwan ubansa. Masu babura suna ta yi mana ham suna wucewa, har wata mai tallan gyaɗa ta wuce mu a ƙafa.

Da muka zo gindin mangwaro Injiniya ya hango yadda muke rarrafe. Ya yar da abin da ke hannunsa ya taho da sauri, fuskarsa duk ta ɓaci, yana goge hannu a riga.

"Malam, ta sake yi ne?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Inna ce ke kallo."

Ya sunkuyo ta tagar gidan gaba. Inna ta ɗaga tabaran ta ƙare masa kallo, ta ce ashe haka yake, ita da murya kawai ta san shi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ja da baya ya ba mu hanya, muka ci gaba a giya ta ɗaya.